Fim ɗin Hidden Figures: nawa ne tarihi a cikinsa, nawa ne ƙarin gishiri?

Malama_Rabi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata, kuma ina da niyyar nuna wa ɗalibaina na ajin ƙarshe fim ɗin Hidden Figures, wanda ya fito a ƙarshen shekarar 2016, mai ba da labarin mata uku baƙaƙen fata da suka yi wa hukumar NASA aikin lissafi a lokacin da Amurka ke ƙoƙarin aika mutum sararin samaniya. Sai dai wani abokin aikina ya ce mini kusan rabin abin da ke cikinsa ƙirƙira ce, kuma ba na son in tsaya gaban yara in gabatar musu da tatsuniya da sunan tarihi. Ina roƙon waɗanda suka karanta littafin da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa ko suka san tarihin su bambance mini abin da ya faru da abin da aka ƙara, sannan su gaya mini ko ƙarin ya kai a fasa nuna shi.

Abu_Sadiq: Wa alaikumus salam Malama. Matan uku dai mutane ne na gaske, wato Katherine Johnson da Dorothy Vaughan da Mary Jackson, kuma dukkansu sun yi aiki a cibiyar bincike ta Langley da ke garin Hampton a jihar Virginia. An ɗauko fim ɗin daga littafin Margot Lee Shetterly, wadda a garin ta tashi, kuma mahaifinta ma a cibiyar ya yi aiki. Babban abin da masu fim suka yi shi ne sun tattara abubuwan da suka faru cikin kusan shekara ashirin suka cusa su a 1961 da 1962. Fim ya nuna Dorothy tana fafutukar a ba ta shugabancin sashenta a 1961, alhali tun 1949 take riƙon ƙwaryar sashen, aka kuma tabbatar mata da kujerar a 1951. Ita ma Mary Jackson ta zama injiniya tun 1958. Sashen da aka ware wa baƙaƙen mata masu lissafi kuwa an rushe shi a 1958, shekarar da aka kafa NASA a madadin tsohuwar hukumar NACA, saboda haka a shekarun da fim ke magana a kansu babu shi ma.

Injiniya_Bashir: Ina goyon bayan Malam Abu Sadiq, kuma zan ƙara da cewa shugaban da Kevin Costner ya fito a matsayinsa, mai suna Al Harrison, babu shi a tarihi. An haɗa shi ne daga halayen shugabanni daban-daban, domin wanda ya jagoranci rukunin masu shirya tafiyar a zahiri shi ne Robert Gilruth. Haka injiniyan nan mai hassada da yake hana Katherine sa sunanta a rahoto, da matar nan farar fata da take danne Dorothy, duk ƙirƙirarru ne. Wurin da ya fi ratsa zukatan masu kallo, inda Harrison ya ɗauki ƙarfe ya kakkarya allon ban-ɗakin baƙaƙe, shi ma bai faru ba. Katherine ba ta yi doguwar tafiyar da fim ya nuna tana yi zuwa ban-ɗakin baƙaƙe ba, domin na fararen da ke kusa da ofishinta take shiga, kuma da aka yi mata magana bayan shekaru sai ta yi kunnen uwar shegu. Wadda ta sha wulaƙancin neman ban-ɗaki a ɓangaren fararen ita ce Mary Jackson.

Hajiya_Talatu: Injiniya, da girmamawa, ni ban ga abin tayar da hankali a nan ba. Ka faɗa da bakinka cewa wulaƙancin ya faru, sai dai a kan Mary ya faɗa maimakon Katherine. Fim na sa'a biyu ba zai iya ɗaukar kowace mace da abin da ya same ta ba, dole a haɗe wasu abubuwa. 'Yata ta kalle shi tana aji huɗu na sakandare, kuma daga ranar ta daina cewa lissafi na maza ne. Da littafi mai shafuka ɗaruruwa na miƙa mata, na san ba za ta karanta ba. Malama Rabi, ki nuna musu kawai.

Ɗan_Zazzau: Hajiya, mayar da abin da ya sami Mary kan Katherine ba shi ne damuwata ba, wannan kowa zai iya yafewa. Damuwata ita ce wanda aka ba jarumtar. A tarihin gaskiya akwai wata ma'aikaciya mai suna Miriam Mann, ɗaya daga cikin baƙaƙen matan da aka fara ɗauka, wadda duk lokacin da ta ga an ajiye allon da ke nuna teburin baƙaƙe a ɗakin cin abinci sai ta ɗauke shi ta jefa a jakarta. A sake kawo wani, ta sake ɗaukewa, har masu ajiyewa suka gaji suka bari. Ta yi haka ne a jihar da wariyar launin fata doka ce, tana sane da cewa aikinta na iya salwanta. To, an cire wannan mata daga fim gaba ɗaya, aka ƙirƙiro Bature aka ba shi ƙarfe ya karya allo, su kuma matan suna tsaye suna kallonsa. Yarinyar da ta kalli wannan za ta fahimci cewa sai wani mai iko ya tausaya mata za ta sami haƙƙinta, kuma wannan kishiyar abin da matan suka aikata ne.

Hajiya_Talatu: Na ji wannan, kuma labarin Miriam Mann ya burge ni ƙwarai. Amma ai fim ɗin ya nuna Mary ta je gaban alƙali da ƙafarta ta nemi haƙƙinta, ba wanda ya je a madadinta.

Abu_Sadiq: Shi ma zaman kotun ƙari ne, Hajiya, ko da yake tushensa gaskiya ne. Injiniyan da take aiki a ƙarƙashinsa, Kazimierz Czarnecki, shi ya ba ta shawarar ta yi karatun da zai ba ta damar zama injiniya, kuma darussan na dare ne da Jami'ar Virginia ke gudanarwa a makarantar sakandaren Hampton, wadda ta fararen fata ce zalla. Sai da ta nemi izini na musamman daga hukumar birnin kafin ta shiga aji. Game da maganar Ɗan Zazzau kuwa, an yi wa daraktan fim ɗin, Theodore Melfi, wannan suka tun lokacin, ya kuma kare kansa da cewa akwai buƙatar a nuna fararen da suka yi abin da ya dace. Ni dai amsar ba ta gamsar da ni ba, tunda ga Czarnecki nan na gaske wanda ya yi abin da ya dace, da sai a faɗaɗa rawarsa.

Malam_Sani_Kimiyya: Tunda mai tambaya malamar lissafi ce, ina ganin ya kamata mu waiwayi aikin kansa, domin shi ne ya fi muhimmanci ga ɗalibanta. Maganar cewa ɗan sama-jannati John Glenn ya nemi Katherine ta duba lissafin kwamfuta kafin ya tashi gaskiya ce. Kwamfutar IBM 7090 ce ta fitar da hanyar da kumbon zai bi, kuma a wancan zamani 'yan sama-jannati ba su gama amincewa da waɗannan na'urori ba. Bambancin shi ne fim ya nuna ta gama aikin cikin 'yan mintoci Glenn yana tsaye yana jira a bakin roka, alhali kafin ranar tashi aka ba ta aikin, kuma kwana ɗaya da rabi ta yi tana bin lambobin ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar na'urar lissafi ta kan tebur har sakamakonta ya dace da na kwamfuta. Glenn ya tashi ranar 20 ga Fabrairu 1962 a cikin kumbon Friendship 7, ya kewaya duniya sau uku cikin sa'a huɗu da minti 55.

Abin da ya sa aka amince da ita kuwa ba baiwar da ta bayyana a rana ɗaya gaban allo ba ce. A 1960 ita da abokin aikinta injiniya Ted Skopinski sun wallafa rahoto a kan yadda za a lissafa kusurwar da roka za ta fuskanta a daidai lokacin da injinta ya mutu, domin kumbo ya bi ta saman wurin da ake so a doron ƙasa. Shi ne karo na farko da sunan mace ya fito a matsayin marubuciyar rahoton bincike a sashensu. Matsalar tana da wuya ne saboda duniya tana juyawa a ƙarƙashin kumbon yayin da yake tafiya, kuma ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, ta ɗan kumbura a tsakiya. Idan ana son ya faɗo a teku kusa da jiragen ruwan da ke jiransa, sai a fara lissafi daga wurin saukar a koma baya zuwa wurin tashi. Ta kuma yi aiki a kan hanyar kumbon ɗan sama-jannati Alan Shepard a watan Mayu 1961, daga baya ta yi aiki a shirin Apollo na kai mutum duniyar wata. Malama, idan kika zana wa yara wannan matsala a allo kafin su kalli fim, za su fi gane abin da matar take yi.

Bakano_Asali: Ku yi mini afuwa zan ɗan karkata, amma ba nisa zan yi ba. Akwai abin da fim bai ambata ba wanda ya shafe mu kai tsaye: birnin Kano yana cikin tafiyar Glenn. A wancan lokaci babu taurarin ɗan'adam na sadarwa da za su riƙa isar da magana, don haka sai da NASA ta kafa tashoshi goma sha takwas a kewayen duniya, wasu a kan tudu wasu a jiragen ruwa, domin kumbo ya riƙa samun wanda zai yi magana da shi yana wucewa. A Afirka an kafa ɗaya a Kano, ɗaya a Zanzibar. Lokacin da Glenn ya ratso saman Afirka ta Yamma a zagayen farko ya ba da rahoton yana hangen ƙura ta turnuƙe a ƙasa, mutanen tashar Kano kuma suka amsa masa cewa an yi mako guda ana iska mai ƙarfi.

Ɗan_Damagaram: Ikon Allah! A watan Fabrairu kuwa ai hunturu ne, wato ƙurar da muke toshe hanci dominta ita ya hango daga sama. Malam Bakano, wannan kaɗai ya isa ya ja hankalin yara.

Injiniya_Bashir: Maganar Malam Bakano gaskiya ce, kuma injiniyoyin Langley ɗin nan ne suka jagoranci kafa waɗannan tashoshi. Ta Zanzibar an rufe ta bayan juyin juya halin 1964. Amma ina jan hankalinmu kada mu wuce gona da iri mu ce wa yara Katherine ta yi aiki da Kano, domin ita a Hampton take zaune. Ko shigarta ɗakin sarrafa tafiya da fim ya nuna a ƙarshe ƙari ne, tunda ɗakin yana Cape Canaveral a jihar Florida. Haka kuma fim ya sa mutum ya ɗauka an yanke tafiyar Glenn ne daga zagaye bakwai zuwa uku saboda matsalar garkuwar da ke kare kumbo daga zafi, alhali uku aka tsara tun farko. Fargabar garkuwar dai ta faru, sai dai daga baya an gano na'urar gargaɗin ce ta yi ƙarya.

Ummu_Khalil: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai bai shafi roka ba, kuma fim ya wuce shi cikin 'yan mintocin farko. An haifi Katherine a 1918 a garin White Sulphur Springs na jihar West Virginia, inda karatun yaran baƙaƙe ke ƙarewa a aji takwas. Mahaifinta Joshua Coleman bai yarda karatun 'ya'yansa ya tsaya nan ba, sai ya riƙa kai iyalinsa garin Institute, tafiyar kusan kilomita 200, su zauna can lokacin karatu, shi kuma ya koma gida neman abin da za su ci. Ta gama sakandare tana da shekara 14, ta sami digiri a 1937 tana da 18. A kwalejin kuma ta haɗu da malaminta Claytor, mutum na uku baƙar fata da ya sami digirin digirgir a lissafi a Amurka, wanda da ya ga ta cinye darussan da ake da su sai ya ƙirƙiro sabon darasi dominta ita kaɗai. Duk da haka koyarwa ta yi da renon 'ya'yanta mata uku, ba ta shiga Langley ba sai 1953, tana da kimanin shekara 35. Malama Rabi, da ni ce ke, iyayen yaran zan fara gayyata su ji labarin Joshua Coleman.

Malama_Rabi: Allah ya saka da alheri, Ummu Khalil. Wannan ya taɓa ni, domin a cikin ɗalibaina akwai masu hazaƙar da na san ba za su wuce wannan aji ba, wasu saboda aure, wasu saboda kuɗin makaranta, wasu kuma saboda iyaye ba za su bar mace ta yi nisa da gida ba.

Sarkin_Shakka: Ku gafarce ni, ni ban cika yarda da irin waɗannan finafinai ba. Mu tambayi kanmu dalilin da ya sa aka ɗauki matan tun farko. A 1941 jagoran ƙwadago A. Philip Randolph ya yi barazanar jagorantar baƙaƙe su yi gangami a Washington, shi ya sa shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 8802 da ya hana wariya a masana'antun tsaro. Ga kuma yaƙin duniya na biyu ya kwashe maza, ana neman masu lissafi ruwa a jallo domin ƙera jiragen yaƙi, shi ne Langley ta fara ɗaukar baƙaƙen mata a 1943. Bayan haka Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957, ta aika Yuri Gagarin sararin samaniya a watan Afrilu 1961, Amurka ta ga ana shan gabanta. Larura ce da matsin lamba suka buɗe ƙofar. Kuma a daidai lokacin da Glenn ke kewaya duniya, gundumar Prince Edward ta jihar Virginia ta rufe makarantun gwamnatinta baki ɗaya, daga 1959 zuwa 1964, don kada yaran baƙaƙe su zauna aji ɗaya da na farare. A gundumar nan Dorothy Vaughan ta koyar da lissafi, a makarantar Moton da ke Farmville, kafin ta tafi Langley. Fim ya ƙare da tafi da murmushi kamar an warware komai.

Ɗan_Zazzau: Sarkin Shakka ya faɗi gaskiya, kuma a duba tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a karrama su. Dorothy ta yi ritaya a 1971 ba tare da ta sake samun shugabanci ba, duk da cewa ta ƙware a harshen kwamfuta na FORTRAN, ta rasu a 2008. Mary da ta ga an daina ƙara mata girma sai ta yarda aka rage mata matsayi a 1979 domin ta koma ofishin da ke kula da ɗaukar mata da ci gabansu, ta rasu a 2005. Su biyun ba su ga littafin ba, ba su ga fim ba. Katherine ce kaɗai ta rayu har shugaba Obama ya ba ta lambar yabo a 2015, ta rasu a 2020 tana da shekara 101.

Hajiya_Talatu: To, wa ya sa aka tuna da su? Kafin 2016 a cikinmu nan wa ya taɓa jin sunan Mary Jackson? Bayan littafin da fim ɗin ne majalisar dokokin Amurka ta amince a karrama su a 2019, aka kuma sanya wa hedikwatar NASA da ke Washington sunan Mary Jackson. Fim ɗin da kuke suka shi ya tara mu muke wannan muhawara, har muka ji labarin Miriam Mann da tashar Kano. Sannan ita Katherine da kanta ta taɓa cewa ta san akwai wariya a wurin aiki amma ba ta ji ta a jikinta ba, saboda kowa bincikensa ya sa a gaba. Kada mu ma mu ƙara mata ɗacin da ba ta faɗa ba.

Sarkin_Shakka: Hajiya, abin da ita ta ji nata ne, ba na musun sa. Mary da ta yi aiki a cibiya ɗaya da ita ta ji akasin haka.

Malam_Sani_Kimiyya: Bari mu koma kan tambayar Malama. A ganina a nuna fim ɗin, amma a raba shi zama biyu, kuma bayan kowane zama a ba yara takarda mai ɗauke da shekarun gaskiya, su da kansu su gano inda fim ya saɓa. Za kuma a iya gabatar musu da Christine Darden, wadda take cikin littafin amma ba ta cikin fim. Ta shiga Langley a 1967, ta shahara a binciken ƙarar da jirgi ke yi idan ya wuce gudun sauti. A kula da cewa Turancin fim ɗin na jihohin kudu na ƙasar Amurka ne, yana da wuyar ji, don haka a kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo. Ki kuma fara kallonsa ke kaɗai tukuna, saboda akwai wuraren neman aure da 'yar rawa a gida waɗanda wataƙila hukumar makaranta za ta so a tsallake.

Ɗan_Zazzau: Ni kuma shawarata a tsallake wurin karya allon, a karanta musu labarin Miriam Mann a madadinsa.

Ummu_Khalil: Ban yarda a tsallake shi ba, Malam. 'Yan ajin ƙarshe ne, ba ƙananan yara ba, kuma gobe za su kalle shi a waya ko an so ko ba a so. Gara su gan shi a gaban malamarsu, ta tambaye su dalilin da suke ganin ya sa aka ƙirƙiro shi.

Malama_Rabi: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Zan kalle shi ni kaɗai a ƙarshen mako, in kai wa shugabar makaranta shawarar zama biyu kamar yadda Malam Sani ya ce. Wurin karya allon kuwa har yanzu ina tsakanin ra'ayin Ɗan Zazzau da na Ummu Khalil. Malam Bakano, idan akwai hoton tashar Kano ko taswirar da ke nuna tashoshin nan goma sha takwas, don Allah a turo mini ta akwatin saƙo kafin ranar Litinin.